Haraji Da Jangali Da Abin Da Suka Haifa A Zamfara Ta Yamma

 

Al'adar irin wannan taro ita ce a lissafa ayyukan da magabata suka bari, a ce ga makaranta, ga ɗakin shan magani, ga rijiya, ga hanyar mota. Wannan daidai ne. Amma dukan abubuwan nan da kuɗi aka yi su, kuɗin kuwa daga aljihun talaka suka fito, suka bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi har suka isa Baitulmali a Sakkwato. Sabo da haka ya kamata a waiwayi haraji da jangali su kansu, a duba abin da aka nufa da su, a kuma duba abin da suka haifa wanda ba wanda ya nufa. Gama haraji ba ya tsayawa ga tara kuɗi kaɗai. Ya kan ta da mutum daga garinsu, ya kan sauya abin da manomi ke shukawa, ya kan koya wa mai gaskiya ɓoyo. Ran da aka ɗauke shi kuma, da akwai abubuwan da su kan bi shi su tafi.

Kafin Zuwan Turawa

Karɓar kuɗi daga hannun talakawa ba Turawa suka kawo shi ƙasar Hausa ba. Sarakunan da sun karɓi kuɗin ƙasa daga manoma, da jangali daga masu shanu, da kuɗin sana'a daga marina da mahauta, ban da gaisuwa mai hawa daga ƙarami zuwa babba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya shekara wajen biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804, ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla a littafinsa Kitabul Farƙi, cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da ɗora wa mutane ba bisa shari'a ba. Nauyin jangali kuwa yana cikin dalilan da suka sa Fulanin daji da yawa suka amsa kiransa. Watau tun fiye da shekara 200 da suka wuce, an ga haraji ya taimaka wajen kā da gadon sarauta a wannan ƙasa.

Amma mulki ba ya yiwuwa sai da dukiya. Bayan jihadi aka tsai da zakka, sa'an nan a masarautu da dama tsofaffin kuɗaɗen nan suka komo sannu sannu, waɗansu ma da sunansu na da. Duk da haka akwai hali ɗaya na zakkar hatsi da ya kamata a riƙe, don za a bukace shi nan gaba. Dami ɗaya ne cikin goma. In damina ta yi kyau ta yi yawa, in an yi fari ta ragu da kanta, wanda kuwa bai kai nisabi ba ba a binsa kome.

Littafi Da Baitulmali

Ran 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Bayan 'yan kwanaki Gwamna Lugga ya tara manyan gari, ya shaida musu cewa ikon naɗa sarki da ikon sa haraji sun koma hannun Gwamnati. Dokar 1904 da ta 1906 suka tattara kuɗaɗe iri iri suka mai da su haraji guda, aka bar jangali a gefe ɗaya. Aka yanka ƙasa gunduma gunduma, sarakunan Anka da Gummi da Bukkuyum suka zama hakimai a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Wajen 1911 Baitulmali, wanda aka fara gwadawa a Katsina, ya bazu ko'ina a Arewa, aka yanka wa sarakuna da alƙalai da malamai albashi. A yawancin masarautu da fari rabin abin da aka tara na Gwamnati ne, rabi na En'e.

Dattawan da ke zaune nan sun san yadda aikin ya ke tafiya. Ko wace shekara malamin haraji ya kan bi gari gari, gida gida, ya rubuta mazan da suka isa biya. A yanke abin da gunduma za ta kawo, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci da masu unguwa su raba wa magidanta gwargwadon ƙarfin kowa, in an yi gaskiya. Wanda ya biya a ba shi rasit. Kuɗi su hau zuwa ga ma'aji, Di'o ya zo rangadi ya binciki littafi. Da wannan tsari aka biya dogari da ɗan doka da malamin asibiti da mai allurar shanu. Da shi kuma, ko da ba don haka aka shirya shi ba, hukuma ta san yawan mutanen ko wace tunga, ta san wanda ya rasu, da wanda ya tashi, da baƙon da ya sauka.

Abin Da Sule Ya Jawo

Babban sauyin da Turawa suka kawo shi ne, da sule da kwabo za a biya. A 1904 aka hana shigo da wuri, sannu a hankali kuma Baitulmali ya daina karɓarsa. To, manomin Bagega ko na Gwashi ko na Gayari yana da gero da dawa a rumbu, yana da akuya a turke, amma ba shi da sule. Tilas ya nemo shi. Hanyoyin nemansa kuwa uku ne, ko wace da abin da ta haifa.

Ta farko ita ce sayar da hatsi. Da kaka a ke bin haraji, don lokacin ne talaka ke da abin hannu. Amma da ya ke kowa lokaci ɗaya a ke binsa, kowa lokaci ɗaya ya ke kai dami kasuwa, sai hatsi ya yi arha kamar banza. Mai kuɗi ya saya ya kimshe. Sa'ad da damina ta kama, rumbu ya yi ƙasa, manomin nan ya komo ya sayi hatsinsa da tsada, ko kuwa ya ci bashin dami ɗaya ya biya biyu da kaka. Ashe abin da haraji ya ci masa ya fi abin da aka rubuta a rasit, ƙarin kuma bai ga ƙofar Baitulmali ba, aljihun mai kimshe hatsi ya faɗa. Ga shi kuwa sulen haraji bai san fari ba. A yunwar 1914, wadda ta kashe mutane ba iyaka a Arewa, an ci gaba da bin haraji a wurare da yawa, mutane na sayar da iri da dabba don su biya.

Ta biyu ita ce shuka abin da kamfani ke saye, watau auduga da gyaɗa. Wannan kam Gwamnati ta nufe shi, don ta san haraji zai tura manomi zuwa ga sikeli. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya bi ta Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Amma a shekarar nan ta 1929 ciniki ya karye a duniya duka, kuɗin gyaɗa da auduga suka faɗi ƙasa da rabi cikin 'yan shekaru, haraji kuwa bai sauka daidai da su ba. Manomin da buhu ɗaya ke fid da shi sai ya zama yana bukatar biyu ko fiye, filin da zai ƙara wa gyaɗa kuma daga gonar hatsi zai yanke shi.

Ta uku ita ce cin rani. Da an gama girbi samari su ɗaura ƙunshi su nufi gonakin koko na ƙasar Yarbawa, ko Gwalkwas wadda ta zama Ghana a 1957, ko haƙar kuza a Jos, ko dako a Kano. Rasit ɗin haraji ya zama musu takardar tafiya, don shi a ke tambaya a hanya. A ranin 1952 zuwa 1953 aka tsai da malamai a mashigai da hanyoyi, suka ƙirga 'yan cin rani fiye da 250,000 masu fita ta Lardin Sakkwato, mafi yawansu 'yan lardin ne. Ba a ce neman kuɗin haraji ne kaɗai ya fitar da su ba, akwai kuɗin aure da na tufa, amma haraji ne kaɗai ke da ranar biya da dogari a bayansa.

Cin rani ya taɓa littafi ta wata hanya mai ban tausayi. A misalta gari mai mutum 100, an yanka masa fam 30, watau sule 6 kowa. Mutum 20 suka tafi ba su komo ba, ba a kuwa gyara littafi ba, don dagaci na tsoron a ce garinsa na raguwa. Sauran 80 sai su biya sule 7 da sisi. Da nauyi ya ƙaru, waɗansu kuma su tashi, ya sāke ƙaruwa a kan na baya. Haka a cikin gida. Al'adar gandu ita ce uba ya biya wa 'ya'yansa maza haraji, su kuwa su yi masa noma. Ran da ya kasa biya, ɗa ya ga ba shi da dalilin zama, ya ware. Gidaje manya da yawa ta nan suka fara tsagewa. Har iyakar ƙasa ma haraji ya motsa ta, gama talakawan Maraɗi da Ƙonni su kan auna nauyin Faransa da na Ingilishi, da ya ke kuma Faransa ta haɗa musu da aikin tilas har 1946, da yawa suka ƙetaro suka zauna a Lardin Sakkwato.

Jangali Da Koyon Ɓoyo

Ko'ina a duniya, abin da aka ɗora wa haraji shi mutane ke ɓoyewa. A Ingila an sa harajin taga daga 1696 har 1851, masu gidaje suka yi ta toshe tagoginsu da tubali, suka zauna cikin duhu da rashin iska. A ƙasar Ibo a 1929, ƙirgar mata da dabbobi kawai aka fara, mata suka ɗauka haraji za a sa musu, suka yi bore a Aba da kewayenta, aka harbe fiye da 50. A nan kuwa shanu ne aka koyi ɓoyewa.

Da damina a ke ƙirgar jangali, sa'ad da shanu ke mashekari, a biya bisa ko wane kai. Bafillace da ya ji malamin jangali na tafe ya kan raba garkensa, ya tura rabi cikin kurmi da yara, ko ya ƙetara wata gunduma, ko ya wuce ƙasar Faransa sai ƙura ta lafa. Dazuzzukan da ke kudu da Anka da Bukkuyum sun ɓoye shanu ba adadi. Malamin da ya sha rana bai sami cikakken lissafi ba, wani lokaci sai su daidaita da ardo, a rubuta kaɗan, a raba bambanci. Littattafan kotunan alƙalai na wancan zamani ba su rasa shari'un cin kuɗin haraji da na jangali ba, an tuɓe dagatai da hakimai a kansu, an ɗaure malamai.

Da ya ke kowa ya san littafin jangali ba ya rasa rami, sai ya zama makami a rigimar sarauta. Shaida a kan wannan ita ce shari'ar Sardauna Ahmadu Bello. A 1938 aka kai shi Gusau ya kula da gundumomin gabas. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, aka wanke shi. Mutumin da aka so a kā da shi da littafin jangali, shari'ar nan ta ƙara masa suna a Arewa duka, shi ne kuma ya zama Firimiya a 1954.

Amma jangali na da wata fuska. Bafillacen da ya biya yana riƙe da takarda mai nuna cewa hukuma ta san shi, ta san ardonsa, ta san mashekarinsa. Hakimi kuwa, da ya ke jangali babban rabo ne cikin abin da gundumarsa ke kawowa, ba ya son Fulani su tashi su kai wa wani. Don haka ya kan tsare burtali da mashaya, ya kan sa a yi wa shanu allurar bushiya, in saniya ta yi ɓarna ya sa a kimanta a biya kafin magana ta yi tsawo. Ko ba don ƙauna ba, don lissafi ya kan yi.

Ranar Da Aka Soke

Ba daidai ba ne a ɓoye abin da ya sa talakawa suka ƙi haraji. An shanya magidanta a rana a gaban iyalinsu. An kama akuya da tukunya da gatari. An rubuta yaron da bai isa ba, an bi matacce, an karɓa sau biyu ga wanda bai iya karatun rasit ba. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, da wannan kuka ta shiga ƙauyuka, aka kuwa saurare ta. Bayan juyin mulkin 1966 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran 1976 kuma ya kawo ƙarshenta, ƙananan hukumomi suka gaje ta. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, waɗansu jihohi suka bi sawu. An yi ƙoƙarin mai da su daga baya a wurare dabam dabam, amma ba su sāke tsayawa da ƙafafunsu kamar da ba.

Talakawa sun yi murna, suna kuwa da gaskiya. Abin da ya sa sokewar ta yiwu shi ne kuɗin man fetur, wanda a ke rabawa daga asusun tarayya wata wata. To, a nan ne wani abu ya faru wanda ba mai soke haraji da ya nufe shi. Hukumar da abincinta ke fitowa daga rumbun talaka tilas ta san inda rumbun ya ke. Wadda abincinta ke zuwa daga sama ba abin da zai kai ta tunga mai tafiyar yini. Ƙirgar shekara shekara ta mutu. Rangadi ya ragu. Ardo ya rasa abin da ke kai shi gaban hakimi, hakimi ya rasa abin da ke sa shi neman ardo. Gonaki suka ci burtali da makiyaya ba mai tsawatawa, don mai saniya ba ya cikin littafin kowa. A 1983 bushiya ta komo ta karkashe shanu a Arewa. Talaka kuma da ba a karɓi kome daga hannunsa ba, bakinsa ya yi nauyi wajen tambayar ina aka kai kuɗin.

Zinariyar Bagega

Akwai wata dukiya a ƙasar nan wadda tun farko ba ta shiga littafin En'e ba, ita ce zinariya. Dokar Turawa ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnati ne. Rabin kuɗin da a ke karɓa daga masu haƙar ma'adinai a wannan sashe na Arewa kuwa na Kamfanin Neja ne, bisa yarjejeniyar da aka yi sa'ad da aka karɓi mulki daga hannunsa a 1900, har sai da Gwamnatin Nijeriya ta fanshi wannan rabo da fam miliyan 1 a 1950. Da Ingila ta raba kuɗinta da ma'aunin zinariya a 1931, zinariya ta yi tsada, masu lasin suka watsu a ƙasashen Anka da Maru da Yawuri da Birnin Gwari, manoma masu neman sulen haraji suka zama leburorinsu. Yaƙin Hitila ya tsai da wannan haƙa, aka juya mutane zuwa kuza a Jos, har da aikin tilas daga 1942 zuwa 1944. Bayan mulkin kai ma dokar ba ta sauya hali ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta bar mallakarsu a hannun Gwamnatin Tarayya.

Watau mai ikon zinariya yana nesa ba ya gani, wanda ke gani kuwa ba shi da rabo, ba shi da littafi. Da kuɗin zinariya suka haura dala 1,000 ko wane oza wajen 2009, mutanen Bagega da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji a ƙasar Anka, da na 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, suka dukufa haƙa. A kawo dutse cikin gida, a farfasa, a niƙa da injin niƙan hatsi, a wanke, a kama zinariyar da zaiba, a shanya tsaki a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san dutsen nan cike ya ke da dalma. Agwagi suka fara mutuwa, sa'an nan yara suka shiga suma da farfaɗiya. A watan Maris 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin, an kuwa ƙiyasta yara wajen 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu.

A lura da abu biyu. Na ɗaya, a waɗansu garuruwa mutane sun ɓoye yawan yaran da suka rasu, don tsoron kada a hana su haƙa. Wannan tsohon darasin jangali ne, cewa baƙo mai littafi karɓa ya zo yi. Na biyu, da sarakuna da hakimai suka ba da umurni a fid da niƙan dutse daga cikin gari, mutane sun bi, abin da ya nuna igiyar ba ta tsinke duka ba. Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa a ƙauyuka bakwai cikin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma da yawan guba, ta zauna jiran kuɗi daga Abuja har farkon 2013, yara wajen 1,500 na jiran magani, domin ba a fara ba yaro magani sai an share gidan da zai koma. Ba mai cewa haraji maganin dalma ne. Amma garin da a ke shiga ko wace shekara a ƙirga gidajensa, da wuya ƙananan kaburbura su yi yawa haka labari bai kai gaban hakimi ba.

Zinariyar ita kanta ta ci gaba da fita ta ɓarauniyar hanya, mafi yawanta ba ta biya kome ga kowa ba. A watan Afrilu 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙa a Zamfara baki ɗaya, ta ɗage hanin a Disamba 2024. A tsakanin nan ramuka ba su rufe ba, sai dai mai tsoron doka ya ja da baya, mai bindiga ya matso.

Harajin Daji

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun wajen 2011 satar shanu da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga suka game Zamfara. Dalilansu da yawa, akwai cinye makiyaya, akwai shari'ar da ba a yi adalci ba, akwai makamai da suka kwararo daga hamada. Amma abin da ya shafi wannan jawabi shi ne sunan da mutanen ƙauye suka sa wa kuɗin da 'yan bindiga ke ɗora musu. Haraji su ke ce masa. A aiko wa gari da adadi, miliyoyin naira, a sa rana. Dattawan gari su raba wa magidanta gida gida, kamar yadda a ke yi a da, a sayar da hatsi da dabba a biya kafin a yi shuka, a sāke biya kafin a yi girbi. Masu ramin zinariya su ma a yanka musu nasu. Ba rasit, ba ɗaukaka ƙara, ba rijiya ko makaranta da za ta fito daga ciki. Garin da ya kasa kuwa ya watse, har filin sabuwar fadar da ba a gama ginawa ba a Anka ya zama masaukin 'yan gudun hijira. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin Da Ya Rage Ga Masu Alƙalami

Maganar haraji ta sāke tasowa a Nijeriya, gama a watan Yuni 2025 aka sa hannu a kan sababbin dokokinsa, jihohi kuma na neman abin da za su tara da kansu. Ba mai hankalin da zai roƙi a komo da shanya mutane a rana. Amma tarihin ƙasashen nan uku ya bar wa masu aikin hukuma abin lura. Kuɗin da ba ya sauka ran da damina ta ƙi, korar mutane ya ke yi. Kuɗin da a ke bi duka lokaci ɗaya da kaka, mai kimshe hatsi ya ke yi wa aiki. Ƙirgar da ba ta zuwa sai da hannun karɓa, ƙarya za a faɗa mata, don haka ya kamata malami ya fara shiga ruga da mai allurar shanu, ya shiga wurin haƙa da mai gwajin jini, kafin ya zo da rasit. Dukiyar da ke fita daga ƙasar Bagega kuma, muddin hukumar da ke kusa ba ta da rabo bayyananne a cikinta, ba za ta sami mai tsaronta ba. A kan dukan waɗannan akwai magana guda wadda Hausawa suka riga suka yanke, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin talaka ya ɗauki tsaron ransa da gonarsa da shanunsa, in kuwa ya bar karɓa, wannan nauyi bai sauka daga kansa ba.

Tsofaffin malaman haraji da na jangali sun yi aiki cikin tsarin da ke da zalunci a wurare da dama, waɗansunsu sun taɓa abin da ba nasu ba, da yawa kuwa sun mai da ko wane anini inda ya dace, suka yi ritaya da keke ɗaya. Abin da ya fi cancanta a gada daga gare su shi ne ƙafarsu da littafinsu, gama sun taka ko wace tunga, sun san masu ita da sunayensu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa sarakuna lafiya da adalci, ya mai da mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum gonakinsu lafiya. Amin.